Kuɗi sun fita, tikiti bai zo ba: binciken matsalar biya a shafin rajistar wani taro

"Malam, me ka taɓa a shafin nan jiya?"

Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba Hajiya ta jefo mini wannan tambaya. Ita ce ke riƙe da rajistar wani taron horaswa na kwana biyu, ni kuma nake kula musu da shafin intanet ɗin da mahalarta ke yin rajista su biya kuɗin shiga. Na ce mata ban taɓa komai ba, kuma gaskiya na faɗa. Ta ce to wayarta ba ta huta ba tun da sassafe. Wasu sun ce banki ya cire musu kuɗi amma tikiti bai shigo imel ɗinsu ba. Wasu sun ce da sun danna maɓallin biya sai ya yi ta juyi, can ya ce an samu matsala, a sake gwadawa. Har da waɗanda suka biya sau biyu, suna zaton na farkon bai shiga ba. Saura kwana tara a fara taron.

A kan WordPress, manhajar gina shafukan intanet, aka gina shafin, rajistar kuma wani filogin ne ke yin ta, wato ƙaramar manhajar da ake jona wa shafi don ta ƙara masa wani aiki. Idan mutum ya cike fom, filogin ɗin zai ware masa kujera, ya rubuta "ana jiran biya", ya miƙa shi ga kamfanin da ke karɓar kuɗi ta kati. A can ake saka lambar kati, ba a shafinmu ba. Da kuɗi sun shiga, abu biyu ke faruwa. Ɗaya ido na gani: a dawo da mutum shafin godiya. Ɗayan ba mai ganinsa: sabar kamfanin, wato kwamfutar da ke riƙe da shafinsu, ta aiko wa sabar shafinmu saƙo kai tsaye cewa rajista mai lamba kaza an biya. Wannan saƙon ne muke kira webhuk, kuma shi kaɗai filogin ɗin ke yarda da shi kafin ya mai da "ana jiran biya" ta koma "an biya", ya aika tikiti. Yana da hujjarsa. Mai biya na iya rufe burauza kafin a dawo da shi, ko caji ya ƙare masa, sannan adireshin shafin godiya kowa na iya kwafa ya buɗe ba tare da ya biya komai ba. Idan minti 30 ya wuce saƙon bai zo ba, sai filogin ɗin ya soke rajistar ya sakar wa wani kujerar.

Wannan wa'adin na minti 30 shi ya fi yi mana ɓarna, amma da safen nan ko tuna shi ban yi ba.

Ni dai ban taɓa shafin ba, shi ya taɓa kansa. Tun daga WordPress 5.5, wanda ya fito a watan Agustan 2020, ana iya ba kowane filogin izinin sabunta kansa, ni kuma na kunna wa dukansu don in huta. A imel ɗina na tarar da sanarwa cewa filogin ɗin rajista ya sabunta da tsakar dare, kuma lambar farko ta sigar ce ta canza, ba ta ƙarshe ba. Galibi in ka ga haka ba faci aka yi ba, ginin aka taɓa. Akwai kariyar da aka ƙara a WordPress 6.6 a 2024, wadda ke mayar da filogin tsohuwar sigarsa idan sabuntawar da ya yi wa kansa ta kayar da shafin. Iyakar abin da take dubawa ke nan, ko shafin ya faɗi. Namu kuwa bai faɗi ba. Yana buɗewa tsaf, hotuna da jadawalin taro kowanne a inda yake.

Na buɗe shafin rajista a kwamfutata, na cike fom, na danna maɓalli, ya kai ni wurin saka kati ba gardama. Sai na kira Hajiya na ce daga wajenmu lafiya lau, wataƙila bankuna ne ko netwok, a ɗan jira. Ta ce, "Malam, bankuna nawa ne za su lalace rana ɗaya, kuma duk a kan taronmu?" Na rasa ta cewa. Daga baya na gane sakaci biyu na yi a gwajin nan: na yi shi ne ina cikin shafin a matsayin mai gudanarwa, sannan na tsaya a bakin biya, ban biya ba. Ramuka biyu ne a hanyar, na tsallake su duka ban san suna nan ba.

Abin da ta nema bayan nan shi ne abin da kowa zai nema: a mayar da shafin yadda yake jiya. Ina da ajiyayyen kwafi na daren da ya gabata, amma maido da shi zai share duk wanda ya yi rajista daga tsakar dare zuwa lokacin, su ne kuma mutanen da kuɗinsu ke hannunmu. Ɗayar dabarar ita ce a sauke tsohuwar sigar filogin ɗin kaɗai, a bar rumbun bayanai yadda yake. Allah ya sa ban gwada a kan shafin gaske ba. Na kwafi shafin zuwa wani wuri na gwaji na sauke tsohuwar sigar, sai jerin mahalarta ya fito fayau, ko mutum ɗaya babu. Ashe sabuwar sigar ta sake tsara teburan rumbun bayanai a lokacin da ta hau, tsohuwar kuma ba ta san inda aka kai kayan ba. Saura kaɗan garin neman gira mu rasa ido. Hanyar komawa baya ta toshe ke nan.

A nan ne na yi abin da ya kamata in fara da shi tun kiran farko. Na rufe rajista na ɗan lokaci, na kashe sokewar minti 30, na liƙa sanarwa a saman shafin cewa duk wanda aka cire wa kuɗi kada ya sake biya, kujerarsa na nan. Kusan awa biyu na ɓata kafin nan, kuma yawancin wahalar da muka sha daga baya a cikin awa biyun nan aka haife ta.

Na karɓi lambar rajistar wata baiwar Allah daga cikin masu ƙorafi, na ce ita kaɗai zan bi, daga danna maɓalli har zuwa inda sawunta ya ɓace. A shafinmu an soke ta. A allon kamfanin karɓar kuɗi kuwa ga biyanta nan, ya shiga lafiya, da lokacinsa da lambar rajistar a jiki. Biya bai gaza ba ke nan, labarinsa ne bai iso gida ba. Na buɗe kundin saƙonnin webhuk na kamfanin, inda suke rubuta kowane saƙon da suka aika da amsar da sabarmu ta mayar. Har zuwa tsakar dare amsar 200 ce, wato "na karɓa". Daga nan zuwa ƙasa ja zur, kowane layi 404, wato "babu wannan adireshi a nan".

Sai a lokacin na karanta bayanin sauye-sauyen da masu filogin ɗin suka fitar tare da sabuwar sigar. Ga shi nan a rubuce, can ƙasa cikin doguwar takarda: an cire tsohon adireshin karɓar saƙo, an koma wani sabo a ƙarƙashin /wp-json/, ƙofar da WordPress ya tanada tun sigar 4.4 ta 2015 don manhajoji su riƙa magana da shafi, kuma kowa ya je ya canza adireshin a allon kamfanin da yake amfani da shi. Ba su ɓoye ba. Sai dai ban ga hikimar barin sauyi irin wannan ya hau da kansa cikin dare ba, alhali sai ɗan Adam ya tashi ya gyara wani abu da hannu a wani wuri daban. Ko gargaɗi ne a ja a allon gudanarwa, da ya isa.

Duk da haka mun yi sa'a da aka samu 404. Wasu filogin ɗin adireshin karɓar saƙonsu shafin farko ne da 'yar jela a bayansa, alamar tambaya da wata kalma. Idan aka cire irin wannan, WordPress ba ya cewa babu. Shafin farko zai miƙa da amsar 200, kamfanin ya ga an karɓa ya rubuta kore, alhali ba wanda ya karanta saƙon. Da haka namu yake, da na daɗe ina lalube. Shi ya sa yanzu ba lambar kaɗai nake dubawa ba, har jikin amsar nake buɗewa in ga ko filogin ne ya yi magana ko kuwa shafin farko aka zubo.

Na ƙirƙiri sabon wurin aika saƙo a allon kamfanin da sabon adireshin, na tura saƙon gwaji. Amsa ta dawo 401: sai wanda ya shiga da suna da kalmar sirri. Wannan kam laifina ne ni kaɗai. Da daɗewa na kunna wani saiti a filogin ɗin tsaro da ke rufe /wp-json/ ga duk wanda bai shiga ba, saboda ta /wp-json/wp/v2/users baƙo na iya ganin sunayen masu rubutu a shafi, masu kutse kuma da nan suke farawa. A lokacin ba abin da ke bi ta ƙofar, rufe ta bai cutar da kowa ba, har na manta na rufe. Sabar kamfanin kuwa ba ta da suna a shafinmu, baƙuwa ce kamar kowa. Ban buɗe ƙofar gaba ɗaya ba, hanyar filogin ɗin rajista kaɗai na keɓe.

Na sake turawa, aka ce 400, wato "saƙon nan bai yi daidai ba". An gudu ba a tsira ba. Amma wannan karon saƙon ya shiga har ciki, filogin ɗin ne da kansa ya ƙi shi. Na kunna WP_DEBUG da WP_DEBUG_LOG, saitunan da ke sa WordPress ya rubuta kurakuransa a kundi, a cikin fayil ɗin saiti na wp-config.php, na bar WP_DEBUG_DISPLAY a kashe don kada kurakurai su bayyana a gaban baƙi, na sake turawa, na buɗe kundin, wato debug.log a cikin wp-content. Layi ɗaya ne: sa hannun saƙon bai yi daidai ba.

Tun da adireshin a buɗe yake ga duniya, dole a samu hanyar bambance saƙon kamfanin da na ɗan damfara wanda zai turo "an biya" na ƙarya. Abin da ake yi shi ne kamfanin ya haɗa jikin saƙon da wani makullin sirri da ku biyu kaɗai kuka sani, ya bi da su ta lissafin HMAC-SHA256, ya fitar da sa hannu ya liƙa. Filogin ɗin ya maimaita lissafin da nasa makullin, in sun dace ya yarda. Namu kamfanin ba Stripe ba ne, wani kamfanin karɓar kuɗi ta kati, amma tsarin na Stripe ya isa misali: kowane wurin aika saƙo da nasa makullin, na gwaji daban na gaske daban, idan saƙo bai samu karɓuwa ba suna ci gaba da sake aikawa har kwana uku, kuma ko karkatar da saƙo zuwa wani adireshi, irin 301 ɗin da ake samu idan an manta www, a wajensu gazawa ce. Ni da na ƙirƙiri sabon wuri maimakon in gyara adireshin tsohon, sabon makulli aka ba ni, filogin ɗin kuma na riƙe da tsoho. Na kwafo sabon na saka. Amsa ta dawo 200.

Rabin matsalar ke nan. Masu cewa maɓalli na juyi ba su ma kai ga saka kati ba, webhuk bai shafe su ba. Na buɗe shafin a tagar sirri ta burauza, inda ba a san ni mai gudanarwa ba ne, na danna maɓalli, sai ga shi yana juyi a gabana. A kayan bincike na burauzar na ga fom ɗin ya aika buƙatarsa zuwa admin-ajax.php, wurin da WordPress ke karɓar irin wannan buƙata, aka mayar masa da 400, jikin amsar kuma sifili ɗaya tak. Haka WordPress ke amsawa idan aka kira aikin da ba wanda ya yi rajistarsa. Tsohon fom ne ke kiran aikin da sabuwar sigar ta cire.

Daga ina tsohon fom ya fito? Daga kash, wato manhajar da ke adana kwafin shafuka ta riƙa miƙa wa baƙi don su buɗe da sauri. Kwafin da ke hannunta na kafin sabuntawa ne, kuma ba wanda ya ce mata ta zubar. Masu gudanarwa ba a ba su kwafi, sabon shafi ake haɗa musu kowane lokaci, shi ya sa gwajina na safe ya yi kyau. A nan kuma na samu amsar abin da ya ɗaure mini kai tun farko, wato yadda wasu suka iya biya wasu suka kasa a shafi ɗaya. Na ce wa Hajiya ta tambayi kowane mai ƙorafi ta ina ya shigo. Waɗanda aka cire wa kuɗi kusan duk ta mahaɗin imel ɗin gayyata suka zo, mahaɗin kuma na da jela a bayansa, kash ɗinmu kuwa ba ya ba da kwafi ga adireshi mai jela. Sun samu sabon fom, suka biya, suka faɗa ramin webhuk. Waɗanda suka rubuta adireshin da hannunsu tsohon fom suka samu, suka tsaya tun a ramin farko. Na share kash, na gwada a tagar sirri da katin gaske har tikiti ya shigo, sannan na buɗe rajista.

Gyaran manhaja ya ƙare kafin yamma. Gyaran lissafi ya ci kwana biyu. Na sauke jerin duk biyan da ya shiga daga tsakar dare, na jera shi da jerin rajista, ina haɗa su da lambar rajista, ba da suna ba, don mutane da yawa da katin wani suke biya. Mutum 23 sun biya ba su samu tikiti ba, huɗu daga ciki sau biyu. Kafin in sake tura tsoffin saƙonnin zuwa sabon adireshin, guda ɗaya na fara turawa sau biyu a jere, in ga ko tikiti biyu za su fita. Ɗaya ya fita, alamar filogin ɗin na gane saƙon da ya taɓa gani. Sai na tura sauran. Duka suka dawo da 200, amma kaɗan ne suka koma "an biya". Waɗanda wa'adin minti 30 ya riga ya soke, filogin ɗin ya karɓi saƙonsu ya ajiye bai yi komai ba. "Na ji" kawai 200 ke nufi, ba "na aikata" ba. Su sai da muka maido da hannu, ɗaya bayan ɗaya, ni ina karanto lamba a waya Hajiya na dannawa.

Wani aji mai kujeru ƙalilan ya cika ya wuce da mutum uku, saboda kujerun da aka saki wasu sun kama sun biya. Wannan ba ni na warware ba, ita ta yi magana da malamin ajin aka ƙara kujeru. Masu biya sau biyu an mayar musu ta allon kamfanin zuwa katin da ya biya. Wasu sun fara turo hoton katinsu gaba da baya a matsayin shaida, na roƙi Hajiya ta share hotunan ta kuma hana, lambobi huɗu na ƙarshe da lokacin biya sun isa a gano kowane ciniki.

Kwana biyu bayan nan maɓalli ya koma juyi. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Wannan karon amsar 403 ce, wato "an hana". Sabon fom ɗin na ɗauke da hatimin shaida na wucin gadi, wanda WordPress ke sakawa don tabbatar da cewa buƙata daga shafin ta fito, kuma rayuwarsa tsakanin awa 12 ne zuwa 24. Kash ɗinmu kuwa mako guda yake riƙe kwafi. Da na share shi ya ɗauki sabon kwafi da hatimi mai rai, hatimin ya mutu, shi kuma ya ci gaba da raba gawar. Tsohon fom bai dogara da hatimi a jikin shafi ba, shi ya sa muka daɗe a haka ba mu sani ba. Na cire shafin rajista da na biya da na godiya daga kash gaba ɗaya. Buɗewarsu ta ɗan ƙara nauyi, ba wanda ya yi magana.

Cikin binciken nan na gano kamfanin ya aiko da imel ɗin gargaɗi tun ranar farko cewa saƙonninsa ba sa shiga. Akwatin wani ma'aikaci da ya bar aiki tuntuni ya tafi. An mai da shi akwatin da ni da Hajiya muke gani.

Sabunta kai kuwa ban kashe wa duka ba. Filogin da aka bari ba sabuntawa ƙofar ɓarayi ce, kuma na san kaina, in na ce komai da hannu zan yi, wata biyu zai wuce ban duba ba. Na rajista da na biya kaɗai na kashe wa. Su yanzu a shafin gwaji suke fara hawa, in karanta bayanin sauye-sauye tun daga sama har ƙasa, in yi rajista a tagar sirri da katin gwaji, in ga 200 a kundin kamfanin, in ga tikiti a imel. Idan ana cikin sayar da tikiti, sai gyaran tsaro kaɗai ke hawa, sauran su jira a gama taro.

Ana gobe taron Hajiya ta sake kira. Wani ya ce ya biya da safen nan, tikiti shiru. Gabana ya faɗi, na ce rami na uku ke nan. Kusan awa guda ina bin sawu: biya ya shiga, webhuk 200, rajista "an biya", kundin imel ya nuna an aika. Sai na dubi adireshin imel ɗin da ya rubuta a fom, ashe harafi ɗaya ya tsallake a cikin sunansa. Hajiya ta gyara ta sake aikawa, yana kan layi ya ce ya shigo.